Ingarma a Fagen Zamiya

Tun kafin mota ta taka ƙasar Hausa Bahaushe yake da kalmar zamiya. Mahayi ne zai saki doki da sukuwa ya nufi inda sarki yake, sai ya zo daf da shi ya ja linzami, dokin ya tattare ƙafafunsa na baya ya sulale bisa ƙasa, ƙura ta turnuƙe, shi kuwa mahayin ya ɗaga mashi ya yi jinjina. Duk wanda ya taɓa kallon jafi ranar hawan Salla ya san abin da ke sa 'yan kallo sowa shi ne yadda mutum yake mallakar dabbarsa a daidai lokacin da kofatanta suka daina riƙe ƙasa. Da wannan tsohuwar kalma nake so in kira wasan nan na mota da samarinmu suke ce wa dirif, Japanawa kuma suke ce masa dorifuto. Direba ne zai shiga kwana, da gangan ya sa tayoyin baya su kuɓuce wa kwalta, motar ta karkace ta riƙa tafiya a gicciye, shi kuma ya riƙe ta a haka da sitiyari da totur har ya fita kwanar ba tare da ta juye da shi ba.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa malamin adabi da wannan sha'ani na direbobi da makanikai? Ɗalibaina ne suka haɗa mu, domin sun san ina bin labarin motocin Japan tun ina saurayi. Ɗaya daga cikinsu, wanda yayansa ke sana'ar motocin tokumbo, ya same ni a ofis ya ce, "Malam, Yaya ya samo wata tsohuwar Lexus SC300 mai ƙofa biyu da araha, ya ce zai bar mini ita in riƙa biyansa sannu a hankali. To, abokaina sun ce ta yi nauyi, ba za ta yi zamiya ba. Kai me ka gani?" Ban ba shi amsa nan take ba, saboda tambayar ta fi ƙarfin hirar tsaye. A cikinta akwai guminsa na shekaru, akwai amanar ɗan'uwansa, akwai kuma lafiyar jikinsa da ta wasu. Abin da ke biye shi ne iyakar abin da na gano game da ita.

Ya kamata a fara da asalin wasan, domin daga can ne abokan nasa suka gaji ra'ayinsu, ko sun sani ko ba su sani ba. Wanda aka fi jingina wa wannan salo shi ne Kunimitsu Takahashi, mutumin da a 1961 ya zama Bajapane na farko da ya ci tseren babura na gasar duniya, kana daga baya ya koma tseren mota. A farkon shekarun 1970, lokacin da tayoyi ba su da riƙo irin na yanzu, yakan jefa motarsa Nissan Skyline cikin kwana a gicciye don ya fita da gudunsa bai rage ba. Samari suka gani suka kwasa, suka kai abin hanyoyin kan duwatsu masu murɗe-murɗe da suke kira toge, inda suke haɗuwa da tsakar dare. Cikinsu aka sami Keiichi Tsuchiya, wanda aka haifa a 1956, aka kuma yi masa laƙabi da Sarkin Zamiya. A 1987 aka fitar da wani kaset na bidiyo mai suna Pluspy, yana nuna shi yana saukowa daga dutse a cikin wata 'yar ƙaramar Toyota da ake kira AE86. Wannan mota, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1987, injinta lita 1.6 ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, nauyinta duka kuwa bai kai tan ɗaya ba.

A nan ne adabi ya shigo. A 1995 wani mai zane da ƙaga labari, Shuichi Shigeno, ya fara buga labarinsa mai hotuna, Initial D, bai kuwa kammala shi ba sai 2013. Jarumin labarin yaro ne ɗan mai sayar da awara, wanda kullum da asuba yake hawa dutse da tsohuwar AE86 ta ubansa don kai kaya otal. Uban yakan ajiye masa kofin ruwa a cikin motar, da sharaɗin kada ya zubar, domin in ruwan ya zube awarar ma ta farfashe. Da haka yaron ya koyi sarrafa nauyin mota bai ma san yana koyo ba, har ya zo yana kayar da masu manyan motoci ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ya gane ƙashin bayan wannan labari: ƙarami mai dabara ya rinjayi ƙato mai ƙarfi. Irin wannan labari daɗi gare shi a kowane harshe, shi ya sa ya zauna a zukatan samari daga Tokyo har Legas, har suka ɗauka cewa zamiya ta ƙananan motoci ce kurum. Akwai gaskiya a cikin wannan ra'ayi, amma aikin mai nazari ne ya rarrabe abin da ƙarfe da roba suka faɗa da abin da mai ba da labari ya ƙara don armashi.

Mu dubi motar da ake magana a kanta. Abin da Amurkawa suka sani da Lexus SC300, a Japan sunansa Toyota Soarer, kuma samfurin da muke nufi an ƙera shi daga 1991 zuwa 2000. An yi ta ne domin attajirin da ke son ya yi doguwar tafiya a kan shimfiɗaɗɗen titi cikin sanyi da shiru, don haka aka cika ta da kujerun fata, da na'urar sanyaya ɗaki, da soso mai hana ƙara shiga. Nauyinta ya kusa kilo 1,600. In aka ajiye ta kusa da AE86, bambancin ya haura kilo 600, watau kamar a loda wa ƙaramar buhun siminti goma sha biyu. Tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya milimita 2,690 ce, alhali ta AE86 milimita 2,400 ce. Wadda aka sayar a Amurka injinta mai silinda shida ne, lita 3, ƙarfin doki 225. A Japan kuwa akwai mai lita 2.5 da turbo, mai ƙarfin doki 280. Wani abin sha'awa shi ne, idan ka raba nauyin SC300 da ƙarfin injinta, ka kuma yi wa AE86 wannan lissafi, za ka tarar a duka biyun kowane doki kimanin kilo bakwai yake ja. A takarda ke nan sun yi kunnen doki. A kan kwalta kuwa halinsu ya sha bamban, kuma dalilin wannan bambanci shi ne zuciyar maganarmu.

Abu mai nauyi taurin kai biyu gare shi: ba ya son tashi, in kuma ya tashi ba ya son tsayawa ko sauya alƙibla. Mai tura kurar ruwa ya san wannan sarai, domin juya ta a lungu cike da jarkoki dabam yake da juya ta wayam. A wasan zamiya, lokacin da ya fi kowane wuya shi ne sa'ad da kwana ta hagu ta ƙare ta dama ta kama, direba ya so ya wurga gindin motar daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙaramar mota tana amsa kira nan da nan. Babbar kuwa sai ta yi jinkiri kamar mai shawara, sa'an nan ta taho gaba ɗaya kamar lilo, in kuwa direba bai tare ta da sitiyari a kan kari ba, ta wuce inda yake so, ta yi katantanwa da shi. Don haka mai tuƙa babbar mota dole ya yanke hukunci tun kwanar ba ta iso ba, kuma in ya yanke babu janyewa.

Sai kuma maganar taya. Mutane da dama suna zaton tun da nauyi yana danne taya a ƙasa, to mota mai nauyi ta fi riƙe hanya. Haƙiƙa riƙon yana ƙaruwa, amma ba ya ƙaruwa daidai da nauyin; in ka ninka lodin da ke kan taya, riƙonta ba zai kai ninki ba. A cikin kwana kuma nauyin motar yana tattaruwa a kan tayoyin waje, su ɗau zafi, robar ta narke ta zama hayaƙin nan da 'yan kallo ke yi wa tafi. Saboda haka babbar mota tana neman taya mai faɗi, taya mai faɗi tana neman inji mai ƙarfin da zai ci gaba da wulwula ta, ƙarfin inji kuma yana gasa kuloci da birki da lagireto. Kowane ɗaya daga cikinsu aljihu yake nufa. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma ban ga inda wannan magana ta fi dacewa ba kamar a kan tsohuwar motar alfarma da aka saya da arha, domin ranar saye ce kaɗai take da sauƙi.

Wani zai ce ai sai a rage mata kaya. Gaskiya ne, ana cire kujerun baya, da soso, da na'urar sanyi, a sa kujera marar nauyi, motar ta ɗan sami sauƙi. Amma akwai abin da sufana ba ta cirewa. Injin nan mai silinda shida a jere, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, dogo ne kuma, yana zaune a goshin motar, kuma duk inda za ta juya da shi za ta juya. Bugu da ƙari, yawancin waɗannan motoci otomatik ne, masu giyar hannu kaɗan aka yi, alhali kuwa ɗaya daga manyan dabarun fara zamiya ita ce a taka kuloci a sake shi farat ɗaya don tayoyin baya su fizge. Ana kuma buƙatar a gyara akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya don su riƙa juyawa tare, a kuma ƙara wa sitiyari iyakar lanƙwasarsa. Kafin a gama wannan hidima, mai yiwuwa kuɗin gyara ya haura kuɗin motar.

To, duk da haka, zalunci ne a tsaya nan, domin girman nan da ke wahalar da direba yana kuma yi masa rana. Mota mai gajeren jiki saurin fushi gare ta. Kafin ka ankara ta juye. Mai dogon jiki kuwa a hankali take karkacewa, tana ba direba labarin abin da za ta yi kafin ta yi shi, in kuma ta zauna a gicciye sai ta tsaya daram, musamman a doguwar kwana mai faɗi da ake shiga da gudu sosai. Injinan Toyota na wannan dangi, 1JZ da 2JZ, sun shahara wajen jure ƙarin ƙarfi, har ma masu wasu motocin sukan cire nasu su dasa waɗannan. Ƙarƙashin motar kuma danginsu ɗaya da Toyota Supra ta 1993, saboda haka kayan da aka ƙera wa waccan da yawa suna shiga wannan. Uwa uba, ƙarfinta a tayoyin baya yake, wanda shi ne sharaɗin farko na wasan. Wannan ne ya raba ta da wata babbar motar Japan ta zamaninta, Mitsubishi GTO, wadda ke ja da tayoyin gaba ko da duka huɗun, don haka ba a cika ganinta a wannan fage ba.

Tarihin gasa ma ya ba da shaida. Da aka fara babbar gasar Japan, D1 Grand Prix, a 2001, Nobuteru Taniguchi ne ya lashe ta da Nissan Silvia, mota matsakaiciya, a 2002 kuma Katsuhiro Ueo ya ɗauke kambin da AE86, kamar dai yadda mai ƙaga labari zai so. Amma a wannan gasa ɗin Takahiro Ueno ya shafe shekaru yana fafatawa da Soarer, har sunansa ya haɗu da nata. A 2008 Daigo Saito ya zama zakara da wata Toyota mai ƙofa huɗu, doguwa, irin wadda magidanta ke hawa. A Amurka, inda aka kafa gasar Formula Drift a 2004, Tanner Foust ya ci kambin 2007 da na 2008 da Nissan 350Z, Chris Forsberg ya ci na 2009 da irinta, ita kuwa nauyinta ya doshi tan ɗaya da rabi. Daɗin daɗawa, a 2012 Saito ya je can ya lashe gasar da Lexus SC430, magajiyar Soarer, wadda daga kamfani nauyinta ya haura kilo 1,700. Wanda duk ya ce babbar mota ba ta zamiya, waɗannan shekaru sun isa su ba shi amsa.

Sai dai a kula, kada gani ga wane ya ja mutum ga asara. Motocin nan na zakaru suna da siffa kawai suka rage musu daga abin da kamfani ya sayar. Ta Saito, alal misali, an cire injinta na asali an dasa 2JZ da aka ninka wa ƙarfi, an fafe cikinta tas, an ɗaure ta da bututun ƙarfe don kare rai, kuma a bayanta akwai makanikai da kamfanin taya da ke ba shi sababbi duk sa'ad da ya ƙone na ƙafarsa. Abu na biyu, akasarin gwanayen wasan a kan ƙananan motoci masu arha suka koyi hannu. Dalilin a bayyane yake. Koyon zamiya maimaici ne, ka gwada ka juye, ka sake gwadawa ka juye, har jikinka ya haddace abin da kanka ba zai iya lissafawa ba. Ƙaramar mota tana zamewa da ɗan gudu kaɗan a giya ta biyu, a kan siraran tayoyi masu sauƙin kuɗi, in ta ƙwace kuma ba ta nisa take tsayawa. Da yake ba ta da ƙarfin a-zo-a-gani, tilas ta sa mai koyo ya san yadda ake tura nauyi gaba da birki, a mayar da shi baya da totur, watau darasin kofin ruwan nan. Babbar mota mai ƙarfi kuwa tana iya rufa wa mai koyo asiri: ya take totur, hayaƙi ya tashi, abokai su yi ihu, ya ɗauka ya iya, alhali injin ne ya iya.

Wannan bai zame mini baƙon abu ba a sana'ata. Kowace shekara nakan sami ɗalibin da zai kawo mini waƙa mai ƙwar biyar alhali bai iya riƙe kari a ƙwar biyu ba, kuma yawan layukan sai ya ɓoye masa inda ƙafar waƙar ta karye. Magabatanmu ma da suke yaƙi a kan dawaki sun san ingarma mai lifidi shi ke fasa rundunar abokan gaba, amma ba shi ake ɗora wa yaro ranar da zai fara koyon kama linzami ba.

Akwai sauran magana guda, wadda ta fi duk na baya nauyi. Ƙarfin da mota ke kai wa abin da ta buga yana tafiya da nauyinta. A gudu ɗaya, mai kilo 1,600 ta ɗara mai kilo 950 da kimanin kashi biyu cikin uku. In kuma aka ninka gudun, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Babbar mota kuwa, kamar yadda muka gani, sai da gudu da fili take nuna kyawunta. Japanawan da suka ƙago wasan sun biya kuɗin wannan darasi a kan duwatsunsu. Daga baya suka mayar da abin filayen da aka killace, irin su Ebisu a lardin Fukushima, inda ake sa hular kwano, 'yan kallo suna bayan shinge, alƙalai kuma suna duba layin da mota ta bi da zurfin karkatarta. Mu kuwa a garuruwanmu mun ari wasan mun bar shingen. Duk mun san wasan mota na ranar ɗaurin aure da na Salla, inda ake katantanwa a mararraba, yara sun kewaye motar har suna taɓa ta, mun kuma san gidajen da aka tashi da guɗa aka kwana da zaman makoki. A irin wannan wuri babu motar da ta dace, amma mai nauyi ta fi kowace muni, domin in ta ƙwace babu linzamin da zai dawo da ita.

Saboda haka, in aka tambaye ni ko babbar motar Japan mai ƙofa biyu tana yin zamiya, amsata ita ce tana yi, har ma a doguwar kwana ta fi ƙaramar kwarjini da natsuwa. Amma tana da sharuɗɗa: direban da ya riga ya ƙware a kan wadda ba ta kai ta ba, aljihun da zai ciyar da ita taya ba tare da an taɓa kuɗin makaranta ko na cefane ba, da fili mai shinge wanda babu ɗan kowa a cikinsa. Wanda ya cika su ya sami abokiyar tafiya mai haƙuri, wadda ba ta yi masa bazata. Wanda bai cika ba, gara ya bar ta a kan aikin da aka ƙera ta dominsa, ya hau ta ya yi doguwar tafiyarsa cikin sanyi da shiru, ya isa gida lafiya. Iya ruwa dai fid da kai. Allah ya kiyashe mu da abin hawanmu, amin.